Tambayi Likitan Dabbobi: Sikanin zai nuna in ɗan bijimina yana haihuwa?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da wannan mako. Wasiƙu uku na ɗauko yau kuma duk a wuri ɗaya suke kewayawa, wato marainan bijimi, don haka mai kunya sai ya yi haƙuri da mu, aikin nan namu ba a yinsa da kawar da kai. Ta farko na barta yadda ta zo da Sakkwatancinta, na roƙi edita kar ya maida mana ita Kananci.

TAMBAYA: Likita ina gaisuwa, ƙaƙa aiki. Ni ɗan kasuwa na amma ina taɓa kiwo bayan gari, shanu mata goma sha huɗu gare ni. Hwarkon bazara nis sayi wani ɗan Bokoloji kasuwar Achida, hwari tas, ga tozo ga tsawo, dillali yac ce shekara biyu garai kuma ubanai ya cika garke da maruƙa. Yau wata biyar ke nan shina cikin shanun, shina hawa, yaron da ka kiwo ya gani da idonai ba sau guda ba, amma bayan 'yan kwanakki sai su koma neman sa. Ɗana da ka karatu jami'a yac ce akwai sikanin da aka yi ma maraina irin na mata masu ciki, nan take a gane in shina haihuwa ko ba ya yi. Shin gaskiya ta? In gaskiya ta in kira a yi mai, in ko sa na banza in turke shi in saida.
Daga wani Alhaji, Wamakko

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Ɗanka bai yi ƙarya ba, sikanin ɗin akwai shi, na'urar ma kusan ɗaya ce da ta asibitin mata, kuma da ita muke duba saniya ta dubura mu ga ciki tun yana wajen kwana talatin. Inda ya ɗan zarce shi ne wajen cewa nan take za a gane yana haihuwa. Wannan kam a'a, kuma gara in faɗa maka tun kafin ka kashe kuɗin mota da na likita.

Abin da na'urar take yi shi ne ta harba wani sauti da kunne ba ya ji cikin nama, irin wanda ke kaɗawa sau miliyan 5 zuwa 7.5 a daƙiƙa ɗaya, in ya bugi abu ya dawo sai ta zana shi a allo. Ruwa baƙi yake fitowa, nama toka-toka, abu mai tauri kuma fari. Lafiyayyen ɗan maraina in ka ɗora masa za ka ganshi sumul launi ɗaya kamar tuwon da aka tuƙa babu gudaji, da wani farin layi siriri da ya ratsa tsakiyarsa, wannan layin halitta ne ba ciwo ba ne. Iyakarta kenan, nama take gani.

Kwanakin baya na je wata ruga wajen Bodinga aka kama mana wani ɗan sa, samari uku suka riƙe igiya aka ɗaure ƙafar baya don kar ya yi mani harbin da zan kwana asibiti, na wanke wurin na shafa man nan mai santsi, rana kuwa ta hana ni ganin allon kwata-kwata sai da mai shanun ya tuɓe babbar rigarsa aka lulluɓa mana ni da na'urar. Can sai ga Baffa ya cuso kansa ƙarƙashin rigar ya ƙura wa allon ido, ya daɗe, sannan yace "to likita ina 'ya'yan?" Dariya ta kusa sa in saki abin. Amma wallahi tambayarsa ita ce tambayarka Alhaji. Ƙwayar maniyyin bijimi daga kai har wutsiya ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, babu sikanin ɗin da zai nuna maka ita balle ya gaya maka tana iyo ko ta mutu, wutsiyarta a miƙe take ko a naɗe. Kuma a kan waɗannan abubuwan haihuwa ta dogara.

Kar ka ɗauka ina kushe na'urar ne, ni ma da ita nake cin abinci. Akwai wuraren da babu kamarta. In maraina ya kumbura hannu ba zai iya gaya maka ruwa ne ya taru, ko jini ne daga tunkuyi ko harbi, ko ruwan ƙurji ne, ko kuwa hanji ne ya sauko wato gwaiwa, amma na'urar cikin minti biyu za ta raba maka su, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne, wanda ya soka allura a gwaiwa yana zaton ƙurji ne ya jawo wa kansa aiki. Tana nuna in naman ciki ya lalace ya zama tabo. Sannan in an shiga ta dubura tana nuna wasu jakunkuna biyu da ke ƙara wa maniyyi ruwa, waɗanda a ƙananan bijimai suke yawan kamuwa da ciwo su riƙa zuba ruwan ƙurji cikin maniyyin, daga waje kuwa sa na nan garau yana cin harawarsa.

A ɗan bijimin da ke tasowa akwai wani abu kuma da masu bincike suka daɗe suna bi. Ɗan maraƙi marainansa duhu-duhu suke fitowa a allo, to a watannin da yake gab da balaga sai hoton ya riƙa yin haske, saboda 'yan bututun da ke ƙera maniyyi suna faɗi suna cika da ƙwayoyi. Har awo ake yi da kwamfuta, baƙi ƙirin 0 fari fat 255, a ga inda naman ya faɗa. An so a ce da wannan lambar za a riƙa zaɓen bijimi tun yana ƙarami. Abin bai zauna yadda aka so ba, don bayan sa ya balaga hasken yakan tsaya wuri ɗaya, mai kyakkyawan maniyyi da mai lalatacce sai ka ga hotonsu ya yi kama, kuma ko maɓallin hasken na'urar ka ɗan murɗa lambar ta canza, na'urata da ta abokin aikina ba za su ba da lamba ɗaya a kan sa ɗaya ba. Amfaninsa a gona mai rajista ne inda ake duba maruƙa ɗaya da na'ura ɗaya wata bayan wata a ga wanda ya riga 'yan uwansa balaga. Kai kuwa sa ɗaya gare ka kuma amsa kake so yau.

Abin da zai baka mamaki, tef ɗin awo irin na tela ya fi wannan na'urar mai tsada faɗa mana gaskiya a kan yawan maniyyi. A tura 'ya'yan marainan biyu ƙasa a hankali su cika fatar, a zagaya tef a inda ya fi kauri, a karanta. Dalili kuwa kowane giram ɗaya na naman yana ƙera ƙwayoyi wajen miliyan 10 a rana, kaga mai babba ya fi mai ƙarami kenan, ba wani sihiri. Ƙungiyar likitocin haihuwar dabbobi ta Amurka ta sa ƙa'ida, ɗan wata 15 zuwa ƙasa kar ya gaza santimita 30, wanda ya haura shekara biyu kar ya gaza 34. Amma don Allah kar ka ɗauki tef ka je ka yanke wa Bokolojinka hukunci da wannan lambar, don da shanun Turawa marasa tozo aka yi ta, su ɗan wata goma zuwa shekara ɗaya ya balaga. Namu masu tozo, Bokoloji ne ko Rahaji ko Bunaji ko Azawak, suna jinkiri sosai, shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, in kuwa ya sha yunwar rani yana maraƙi ya wuce haka ma, kuma marainansu dogaye ne sirara, tef yana rage musu daraja. Likita zai haɗa lambar da shekaru da irin san da yadda hannunsa ya ji, lafiyayye yana da ɗan tauri yana dawowa in ka danna, kamar dantsen mai ƙarfi in ya ɗan ɗaure, wanda ya lalace kuwa laɓo-laɓo za ka ji shi kamar tumatir ya kwana uku a kasuwa.

Tunda na ambaci shekaru, maganar dillali cewa shekara biyu gare shi, to Allah ya sa. Ka sa a buɗe bakinsa a duba haƙoran gaba na ƙasa, in duk ƙanana ne na nono babu manya biyun nan na tsakiya to akwai alamar bai kai inda aka ce ba. Kuma hawa ba shaida ba ne, ɗan sa yana fara hawa tun kafin maniyyinsa ya nuna, ko da ya balaga ma yakan ɗauki wasu watanni kafin ƙwayoyin su daidaita. Mu a wurinmu balaga ita ce ranar da ya fara fidda ƙwayoyi miliyan 50 kuma aƙalla kashi 10 cikin ɗari suna motsi, wannan kuwa ƙofar gida ce kawai, bai isa ya riƙe garke ba tukuna.

Gwajin da zai baka amsar da kake nema shi ne a ɗebi maniyyin a duba a madubin likita. Ana ɗiba ta hanyar tausa ta dubura ko da wata na'ura mai ɗan lantarki kaɗan, a ɗiga a gilashi mai ɗumi nan take a wurin don in ya huce ko rana ta buge shi ƙwayoyin sun mutu an yi wa san ƙazafi. Mai kyau za ka ga abin yana juyawa kamar guguwa. A ƙa'idar da na ambata ana son aƙalla kashi 30 cikin ɗari su riƙa tafiya gaba, kuma aƙalla kashi 70 su kasance da siffa mai kyau, kai daidai wutsiya daidai. Sashen haihuwar dabbobi na asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo nan Sakkwato aikinsu kenan, ka tura ɗan naka ya je ya yi magana da su tunda shi ya kawo shawarar.

Yanzu ga abin da na fi zargi, kuma saboda shi nake cewa kar ka yi saurin turke shi. Ka ce farkon bazara ka saye shi. Allah bai rataye maraina a waje don ado ba, sai sun fi jiki sanyi da digiri 2 zuwa 6 sannan suke aiki daidai, mu kuwa a nan Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, ƙasar da san zai kwanta a kai ma ta fi haka. Sannan ƙwayar maniyyi kwana 61 take ɗauka ana ƙera ta, ta ƙara wajen kwana 10 a bututun da ke bayan maraina tana nuna, wato abin da sa ya zuba yau aikin wata biyu da suka wuce ne da 'yan kwanaki. To lissafa, ɗan sa da bai gama girma ba, an kora shi kasuwa an loda a mota an sauke a baƙon wuri a tsakiyar zafi, wanda ya sha zafin Mayu sai wajen ƙarshen Yuli ko Agusta zai dawo daidai. Wata biyar ɗin da kake ƙirgawa wataƙila ɗaya ne kacal a ciki aka yi masa adalci. Haka zazzaɓi yake yi, ko na boru ko na sammore, kwana uku na zafin jiki sai ya ɓata maniyyin wata biyu. Kaska da kirci a fatar marainan su ma suna kaurara ta su hana ta shan iska. Akwai kuma abubuwa biyu da masu shirya dabba don kasuwa suke yi, allurar deksametason da ake dirka wa sa don ya yi kyan gani, da cika masa ciki da angurya, dukkansu suna taɓa maniyyin ƙaramin bijimi. Ni na taɓa duba wani a nan cikin gari, hoto ya fito tsaf kamar a littafi, mai shi har ya fara murna, da muka sa maniyyi a madubi rabi duk wutsiya a naɗe, da aka bi diddigi ashe ya yi zazzaɓi makonni shida kafin nan yaron kiwo ya yi masa allura bai faɗa ba. Muka jira wata biyu muka sake, ya wuce lafiya lau.

Don haka in an gwada ba kyau, kar a yanke hukunci a gwaji ɗaya, a sake bayan kwana 60. Kafin nan a yi masa rumfa ko a ɗaure shi ƙarƙashin dogonyaro da rana, ruwa kar ya yanke, a cire kaska. Kuma sha huɗu ga ɗan sa irin wannan ba kaɗan ba ne, in uku suka nemi sa rana ɗaya ya shiga uku shi ma. A sa ido a ga yana kammala barbarar ko hawa kawai yake yana sauka, don Bokoloji fatar gabansa tana saukowa ƙasa sosai, ƙaya da kututture suna ji mata ciwo, sa mai ciwo a nan zai hau amma ba zai kai ba, kuma wannan ba sikanin ba madubi, idon yaron kiwo ne zai gani.

Shanun ma a duba su. A rubuta ranar da kowace ta nemi sa. In duk kwana 21 suke dawowa cif to zargi ya fi ƙarfi a kan san. In kuwa sai bayan wata ɗaya da rabi ko biyu suke dawowa, to ana ɗaukar cikin yana zubewa ne tun yana ƙarami, sai a nemi ciwon da ake ɗauka wajen barbara. Kuma ba mamaki a duba a tarar biyu ko uku suna da ciki ba ku sani ba, a nan kam sikanin ɗin ɗanka zai yi maka aiki sosai, a jikin matan.

TAMBAYA: Salam likita. Mu ƙungiyar mata ce muka haɗa kuɗi muka sayi ɗan bijimi ruwa biyu don shanun madararmu. An yi mai sikanin sai aka ga wasu ɗige-ɗige farare a ciki, wai tabo ne. Yanzu wasu sun ce a maida shi tun kuɗinmu ba su narke ba, wata kuma tace ai hoton ne ma zai kashe mai ƙwayoyin haihuwa. Ya za mu yi?
Daga wata Hajiya, Mabera

AMSA: Hajiya ku kwantar da hankali. Na biyun tukuna don ya fi sauƙi, sikanin sauti ne, ba irin hoton ƙashi ba ne, an gwada a bijimai an duba maniyyinsu kafin da bayan ba abin da ya canza, ku gaya wa 'yar uwar taku ta sha kuruminta.

Fararen ɗigon kuwa gaskiya ne tabo ne, wurin da wani ɗan bututu ya lalace jiki ya cike shi da nama mai tauri. Amma abu ne da ake yawan gani a ƙananan bijimai, wani bincike da aka buga a 2008 daga Kanada ya bi maruƙa ya ga tabon yana fara fitowa tun suna wata biyar zuwa shida, kuma da yawa daga masu shi maniyyinsu ya fito da kyau. Kamar gona ce da ke da 'yan duwatsu nan da can, sauran wurin yana ba da hatsi. Wanda ke tada mana hankali shi ne in farin ya mamaye wuri babba, ko ɗan marainan ya ƙanƙance ya yi tauri, ko ɗaya ya fi ɗaya ƙwarai. Ku koma wurin wanda ya yi hoton ku ce a auna da tef a duba maniyyi, in sun yi kyau ku riƙe abinku. Sai dai ku sani ruwa biyu da jinin Turawa ya fi namu jin zafi nesa ba kusa ba, rumfa a wurinsa dole ce, in da hali a riƙa watsa masa ruwa da azahar lokacin bazara.

TAMBAYA: Likita bijiminmu ɗan shekara ukku maraina guda ya kumbura sosai ya yi zahi, kuma bana shanu biyu sun yi ɓari ciki ya tsuhwa, mahaihwa ta ƙi hita. Ko sikanin za a yi mai?
Daga wani makiyayi, Illela

AMSA: Malam wannan taka ta fi sauran gaggawa. Sikanin zai nuna ko ƙurji ne ko ruwa ko jini, amma kumburin maraina ga sa, da ɓarin ciki tsoho, da mahaifa ta maƙale, ukun nan in suka haɗu a garke ɗaya bakkale muke fara zargi, kuma jini ne ke tabbatar da shi, akwai gwaji mai sauƙi da ake haɗa ɗigon ruwan jini da wani ruwa mai launin ja-ja a kan faranti, cikin minti huɗu an ga alama. Ka duba ko akwai masu kumburin gwiwa a garken, shi ma alamarsa ne. Tun yau ka ware san daga matan, kar ka ba maƙwabci aronsa, kuma a ɗebi jinin har da shanun da suka yi ɓarin. In ya tabbata bakkale ne kar ka ɓata kuɗi a allurar el-e, wato allurar nan ta kashe ƙwayoyin cuta, tana iya rage kumburin amma ba ta fidda ciwon daga jiki, irin wannan san an gama barbara da shi.

Kuma ciwon yana kama mutane Malam, zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da zufar dare da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin maleriya ba sauƙi. A tafasa madara kafin a sha ko a yi nono da ita, wanda zai taɓa ɗan ɓari ko mahaifa ya sa safar hannu ko aƙalla leda, a binne su da zurfi inda kare ba zai tono ba. In akwai mai irin wannan zazzaɓin a gida ya je asibiti ya faɗa wa likita da bakinsa cewa shanunku sun yi ɓari.